Ƙoƙuna Uku a Gindin Tsamiya

Shekarar da na shiga kolej a Dogon Dutsi, a gidan Kawu Sani nake zaune, ƙanen mahaifiyata, mai shagon kayan babur a kasuwa. Kakarmu, wadda ta haife su, ita ma ya ɗauko ta daga Lugu. Idan sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i takan jawo wuta gabanta, mu kewaye ta, tana gasa mana gujiya tana tatsuniya. Ni "mijina bebe" take kirana, don ba ni da magana.

A lokacin ne Mushe, wato malaminmu na kimiyya, ya ce kowa ya shirya gwaji don gasar lakwal, wato makarantarmu. Tambayata ƙarama ce: wane launi ya fi jawo tsuntsaye ga abinci? Na samu ƙoƙuna uku, na shafe su da ragowar fentin shago, ja da fari da baƙi. Kullum da sassafe nakan zuba hatsi daidai wa daida, in jera su a gindin tsamiyar bayan gida inda kurciyoyi ke sauka, in laɓe ina kallo. Ban gaya wa kowa ba. Bai kuma faɗo mini a rai ba cewa a Arewa, duk wanda ya ga ja da fari da baƙi a gindin tsamiya, iskoki zai ce ana ciyarwa.

Wani maƙwabci ya gani, ya kai wa Kawu magana a ƙofar masallaci. Kowa ya san Kaka ta yi bori a ƙuruciyarta, ko da yake ta bari tun ba a haife ni ba. Da yamma Kawu ya shigo fuska a murtuke, ya dire ƙoƙunan a tsakar gida.

"Inna, na ce miki ba a wannan a gidan ga. Gobe akwai motar Lugu."

Kaka ta dubi ƙoƙunan, ta dube shi. Ina tsaye bakin zaure. Ban taɓa yi wa Kawu maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Bayan isha'i ta hura wuta kamar kullum, ƙunshin kayanta ɗaure a gefenta. Kawu yana kan tabarma can baya, yana danna waya.

"Ku matso," in ji ta, "ta yau gajera ce."

Wai an yi wata tsohuwa mai fita bayan gari kowace asuba da ƙwarya a rufe. Mutane suka ce da doguwa take ganawa. Magana ta tashi daga bakin rijiya, ta zaga kasuwa, ta shiga gidan ɗanta. Ɗan ya ɗora ta a jaki, ya kai ta wani gari mai nisa, ya dawo. Da hatsi ya fara nuna, tsuntsaye suka sauko kamar hadari, suka cinye gonaki tas. Ashe tsaki take zuba musu can cikin daji, don su saba da can.

"To Kaka, mi ya hana ta faɗa?" in ji Rabi, ɗiyar Kawu.

"Wa ya tambaye ta?"

Hasken wayar Kawu ya mutu. Gujiya tana ta fashewa cikin toka. Kaka ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mijina bebe, ko kai ka san ƙarshenta? Ni dai na manta."

Na miƙe.

"Kawu, nawa ne. Aikin lakwal ne, na tsuntsaye."

"Ita ta sa ka faɗi haka?"

"A'a. Fentin shagonka ne." Na miƙa masa hannuwana.

Ya haska su da waya. Ja da baƙi na nan maƙale a ƙarƙashin farcena. Ya sa na yi masa bayani tun daga farko, na yi ina in'ina. Sannan ya tashi ya ɗauki ƙunshin, ya mayar ɗakinta da kansa, ya dawo ya durƙusa gabanta.

"Inna..."

"Matsa," ta ce, "ka tare mini ɗumi."

Na daɗe ina ɗauka da Kawu kaɗai take a tatsuniyar nan. Sai da na girma, na fara koyar da yara irina masu sunkuyar da kai, na gane da ni ma take. Tagar ɗakinta tana kallon tsamiyar, kuma ba ta komawa barci bayan asuba. Kalma ɗaya ta ishe ta wanke kanta. Ta ƙi ta rantse wa ɗan da ta goya, ta ƙi ta yi magana a madadina, ta ajiye zamanta a gidan a kan harshen yaron da ba ya iya gama gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me za ta yi da na ci gaba da shiru. Na san Kaka. Da ta hau motar.