Dutsen Kawu Custódio

Kawu Custódio ba ya karya kumallo sai ya fita ya saurari 'yan tulunan da ke ɗaure a fukafukan injin niƙansa mai aiki da iska. Daga kukansu yake sanin iskar ranar, ta teku ce ko ta tudu. Shekara hamsin iska na juya masa dutse, yana niƙa wa ƙauyenmu alkama da masara, har garin kamfani ya zo, jakunan da ke kawo hatsi suka daina hawowa.

Sai surukinsa Valdemar, mijin 'yarsa Graciete, ya gano mutanen birnin Lisbon na son tsohon abu. Ya shafe ginin da farar ƙasa, ya ɗaure fukafukan da sarƙa, ya zaunar da tsohon a ciki da hular masu niƙa. Ya yi masa alkawari cewa ranar da ya gama sassaƙa dutsen, za a kwance sarƙar ya sake niƙa.

Dutse idan ya yi santsi, ɗaga shi ake yi a bi shi da ɗan gatarin ƙarfe, tsaga bayan tsaga. Aikin kwana uku ne a wurin Custódio. Amma Valdemar yakan kulle gatarin, ba ya fito da shi sai motar baƙi 'yan yawon buɗe ido ta tsaya.

"A hankali, Baba, ba tsere ake yi ba," in ji shi. "In ka gama yau, gobe hoton me za su ɗauka? Gemunka?"

Baƙin sun fi son hannuwansa, waɗanda ɓarɓashin ƙarfe ya yi wa ɗigo-ɗigo. Sukan juya su kamar kifi a kasuwa, sannan su sayi gari a bakin ƙofa, garin kamfani da Graciete ta juye a 'yan buhunan zane.

Bazara biyu ya yi yana wannan aiki. Da ya ga ya kusa, sai ya lallaɓa da gwiwoyinsa ya hau saman da ya daɗe bai hau ba, don ya shafa wa babbar ƙafar katakon da ke juya dutsen kitse. Ya tarar an yanke ta da zarto, an sa benci inda baƙi ke zama su kalli teku.

Ya sauko ya tambayi 'yarsa tun yaushe. Tana ɗinke bakin buhu, ba ta ɗago ba, ta ce tun kafin a ɗaga dutsen.

"Kai ma dai, Baba. Wa zai ci garin?" in ji ta.

Washegari mota ta zo, aka miƙa masa gatarin. Ya ɗora shi a cinya, bai sara ba. Haka kwana shida. A na bakwai Valdemar ya ce hannun tsoho ya fara rawa, aka kai shi gidan tsofaffi a cikin gari, inda tagogi ba sa buɗuwa.

Dutsen na nan a jingine, an rufe shi da gilashi. Saura tsaga goma sha ɗaya.