Hannun Yaya Mai Aski

Yayana mai aski ne, kuma duk layinmu babu wanda ya kai shi munin gemu. Ni ƙanwarsa ce, ina da ikon faɗa. In ya gyara maka saje sai ka rantse da rula ya auna, amma nasa gemun, nan gashi can fili, kamar gonar da awaki suka shiga.

Mu a gida mun san dalili. Tun yana saurayi, da ya zauna shiru sai yatsu biyu su hau haɓarsa, su laluba, su zaɓi gashi ɗaya su tsige. Bai ma san ya yi ba. Mama ta yi faɗa, ta yi addu'a, har barkono ta taɓa shafa masa a yatsu. Idonsa ne ya sha wuya.

A shago, muddin akwai kai a kujera, lafiya lau. Sai benci ya bushe hannun ke tafiya yawonsa.

Da abin ya ishe shi sai ya yi dabara irin ta masu aski: ya sa reza ya kwashe gemun tas.

"Sai in ga abin da za ka kama," in ji shi, yana hararar hannunsa a madubi.

Hannun bai yi gardama ba, ya koma gira.

Girar hagu na cinyewa rabi, magana ta fara yawo cewa ciwon fata ne, wai kuma ana ɗauka a injin aski. Mutane suka dinga sulalewa. Har Baba Ritaya, tsohon malamin makaranta, wanda ya fara ba shi kansa ranar da ya buɗe shago, ya koma bi ta tsallaken titi yana ɗaga hannu daga nesa. Shago ya yi tsit, shiru kuwa shi ne abincin hannun. Na tsorata ƙwarai, domin da kujerar nan yake ciyar da gidansa.

Matarsa ce ta samo masa wani shiri a intanet na masu irin larurarsa. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai zauna waya ta yi masa nasiha. Washegari na leƙa shago na same shi da abin sauraro a kunne, yana gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya. Ashe abin har suna gare shi, ashe masu yi suna da yawa. Shi ya gaya mini haka da bakinsa.

Darasin farko, ya lura da lokacin da hannun ke tashi. Na biyu, in ya ji abin ya taso ya dunƙule hannu har ya wuce. Wani baƙo ya shigo ya tarar da mai aski tsaye ya dunƙule hannu biyu, ido a rufe, sai ya ja da baya ya ce ya yi ɓatan ƙofa. Darasi na uku ne ya tsaya masa a wuya: ya gaya wa mutanen da yake yini da su gaskiyar abin. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya gwammace a ce ciwo ne da a ce shi yake yi wa kansa.

Ina shagon ranar da Baba Ritaya ya zo wucewa, sumarsa ta yi buzu-buzu. Yaya ya fita har bakin ƙofa, a gaban maƙwabtansa mai faci da mai gyaran waya, ya kira shi.

"Baba, ba ciwo ba ne. Ni nake tsigewa da hannuna. In ba ni da aiki ba na iya hana shi. Ina neman magani."

Kunya ta sa ya kasa ɗaga kai. Ni kuma hawaye ya cika mini ido.

Tsohon ya dube shi, ya dubi girar. Sai ya tsallako titi a hankali, ya cire hula, ya zauna a kujera.

"In ba ka da aiki, ka ce? Ashe mu muka bar shi ba aiki. Ɗauko almakashi, ɗana. Kada ka sa inji, ba sauri nake ba."