Kaset ɗin Raliatou da Ya Tafi Damagaram

Faɗan da Gwaggo Zouera ta yi da Raliatou a kan kaset ne, kuma har ta bar Faransa ba ta yarda laifinta ba ne. A cewarta laifin mai ƙera kaset ne, da ya yi su duka baƙaƙe, kai ɗaya, ƙafa ɗaya.

Farkon shekarar casa'in da bakwai ne, a gidansu na Montreuil, gefen Paris. Raliatou ta zo hutun ƙarshen mako daga Lyon, ko jaka ba ta ajiye ba ta shiga birkice falo.

"Gwaggo, ina kaset ɗin da na bari kan rediyo?"

"Ga shi nan yana kallonki."

"Ba shi ba ne. Nawa da rubutu a jikinsa."

"Ke kika san rubutu. Ni duk tafiyar tsutsa ce a wurina."

Raliatou ta zura wanda ta samu, ta danna. Sai muryar Gwaggo ta cika ɗaki: "Salamu alaikum mutanen Damagaram, ina Hassia, ina yara, ina gajiya..." Saƙon da tsohuwa take zaton ya isa Zinder, wato Damagaram, tun makonnin baya ne, ga shi zaune a Montreuil yana gaida bango.

"Nawa kika aika!"

"Na aika wanda hannuna ya taɓa."

"Mais c'est pas vrai!"

"A'a. In zagi ne ki yi shi da Hausa, in samu abin ramawa."

Yarinyar ta zauna a ƙasa ta dafe kai, don ta san abin da ke cikin wancan kaset, ta kuma san yadda ake sauraron saƙon Gwaggo a gida: a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a kira maƙwabta, a ƙure murya.

Raliatou ɗiyar Alhaji Moutari ce, mai fataucin shadda da kayan gyaran mota, wanda ke da ɗan kanti wajen Porte de la Chapelle. Tana da shekara tara aka kawo ta Faransa ita da uwarta Rékia. Yarinya ce marar hayaniya, doguwa, mai tafiya kamar an aike ta. Gwaggo Zouera kuwa ƙanwar mahaifin Alhaji ce, ita ta goya shi yana ƙarami, kuma an ɗauko ta daga Zinder ne lokacin da ciwo ya kwantar da Rékia, don ta riƙe gida. Ba ta taɓa zama a aji ba. Wasiƙarta kaset ce: ta zauna gaban rediyo ta yi gaisuwa, ta yi faɗa, ta raba gardamar da ke tsakanin dangi, ta naɗe a tsumma ta ba duk ɗan kasuwar da zai tafi gida.

Rékia ta rasu cikin sanyin casa'in da uku, Raliatou na da shekara sha shida. Gida ya cika da 'yan gaisuwa, mata daga Clichy-sous-Bois, maza daga gidajen leburori na unguwar. Da aka faɗa wa yarinyar, ta buɗe baki za ta yi kururuwa, sai Gwaggo ta sa tafin hannu ta rufe. Ba a yi wa mamaci ihu, haka aka tashi aka gani, ga kuma bangon gidajen nan kamar takarda, Bature na jin motsi zai kira 'yan sanda. Kowa ya shigo, haƙuri. Kowa zai fita, haƙuri. Yarinya ta haɗiye.

Bayan haka ne kiɗan ya shigo gidan. Wata ƙawarta ta makaranta ta ara mata kaset na wasu samarin Amurka da ba kowa ya san su ba, waɗanda ke buga faifansu da kansu a garejin iyayensu. Raliatou ta ce ana kiran irinsa indie, mai ihun kuma emo. Gwaggo ta ce sunansa kiɗan masu ciwon ciki. Za su fara a hankali kamar masu neman gafara, sai can gita ta ɓarke, yaro ya kama ƙara har muryarsa ta tsage. Raliatou takan toshe kunnuwanta da ɗan rediyon aljihu, ta hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga Montreuil har ƙarshen layi ta dawo, ba inda za ta je.

Daga nan ta ɗauki wata al'ada. Duk watan Disamba sai ta zaɓi fayafayan da suka fi riƙe ta a shekarar, ta kwashi waƙoƙinsu a kaset guda, tsakanin waƙa da waƙa kuma ta yi magana, yadda ta ga Gwaggo na yi. Sai dai ita saƙonta ba na Zinder ba ne. Uwarta take yi wa. Ko da ta tafi Lyon koyon aikin jinya ba ta bari ba. Na shekarar casa'in da shida shi ne Gwaggo ta naɗe a tsumma ta danƙa wa Malam Badaru, mai kai kaya gida.

Amsa ba ta jima ba. Malam Badaru ya dawo da kaset biyu, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi waƙar. Ɗaya na Raliatou ne aka mayar, ɗaya na dangi. A ciki Hassia, yayar Alhaji, ta yi bayani dalla-dalla: an taru don jin Gwaggo, sai aka ji yarinya tana hira da matacciya, aljanu na amsa mata da ihu. Wata maƙwabciya garin gudu har zani ta bari. Dangi sun yanke: a cire ta daga wannan makaranta a kawo ta gida a yi mata magani, tun abin bai kai ga jifa ba.

Alhaji Moutari mutum ne da ke tsoron bakin dangi fiye da jami'an kwastan. Ya ce magana ta ƙare, ranar Asabar zai je Lyon ya kwaso ta da kayanta. Karatun ya kai rabi, amma ya ce ba a jinyar wasu da ciwo a kai.

Da Alhaji ya fita kanti, Gwaggo ta sa kaset ɗin jikarta, ta ɗauko tiren shinkafa tana tsinta tana ji.

"Inna, ga na bana," in ji muryar Raliatou. "Faifai na farko mai hoton keke cikin ruwa ne. Shi na ji ranar da wani tsoho ya cika a hannuna a asibiti, ba kowa nasa. Na wanke shi, na fito, na rasa wanda zan faɗa wa." Sai wani yaro ya shiga waƙa ta hanci. "Na biyu mace ce, Inna, ita da gitarta kawai. Ranar Lahadi nake sa ta, in na yi miyar kuka ba ta yi irin taki ba." Macen ta yi ta raɗa kamar mai tsoron tada jariri. "Na uku kuwa, ki yi haƙuri da ƙarar. Su suke yi min abin da ban yi ba ranar da kika tafi."

Gita ta ɓarke. Gwaggo ta tsaya da tsinta. Ba ta jin Turanci ko na sayen gishiri, amma ta yi shekara saba'in tana zuwa gidan mutuwa, ta san kukan neman suna, ta san na gaske. Ta mayar da kaset baya ta sake ji.

Da Alhaji ya dawo ta ce, "Kai zauna ka kula da kantinka. Ni zan ɗauko ta."

"Gwaggo, ke da ba ki jin Faransanci?"

"Jirgin ma ba ya ji, kuma kullum yana zuwa."

Malam Badaru ya sa ta a jirgin ƙasa, Raliatou ta tarbe ta a tashar Lyon, ido duk ya faɗa. Tsohuwa ta duba ɗakin yarinyar kamar mai neman ɓera. Ta ga darduma da alamar goshi a kanta, ta ga fararen rigunan aiki a goge, ta buɗe tukunya ta ɗanɗana miya ta ce lallai ba irin ta Rékia ba ce, daddawa ta yi kaɗan. Sannan ta ce, "Kai ni in ga aljanun."

Da la'asar suka hau tudun garin, Gwaggo na tsayawa tana zagin wanda ya gina gari a kan dutse. Akwai wani ɗan kantin faifai a lungu, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗaki inda samarin unguwa masu irin wannan kiɗa ke gwaji. Suka sauka. Yara huɗu ne, sirara, riguna duk sun koɗe. Ganin tsohuwa da mayafi da carbi sai suka daburce, ɗaya ya kawo mata kujera.

"Waɗannan ne?" in ji Gwaggo. "Aljanin da ba ya cin abinci? Ce musu su yi."

Suka yi. Mai waƙar ya rufe ido, jijiyar wuya ta tashi, ya yi ta ƙara har gwiwarsa ta kai ƙasa. Gwaggo ba shi take kallo ba. Raliatou take kallo, wadda ta jingina da bango, bakinta a buɗe, tana ihu tare da su, ba mai jin nata cikin ƙarar, ba kuma mai rufe mata baki. Da aka gama yarinyar ta share fuska, kafaɗunta suka sauka kamar wadda ta sauke tulu.

"Tambaye shi wa ya mutu masa."

Raliatou ta tambaya. Yaron ya yi ja, ya ce ƙanensa, a hatsarin babur.

"Na sani. Ce masa Allah ya ba shi haƙuri. A'a, bari. Ce masa ya ci abinci."

Washegari Gwaggo ta koma Paris ita kaɗai. Alhaji ya leƙa bayanta a ƙofa, ba kowa.

"Ina take?"

"Tana inda ka kai ta, tana koyon aikinta."

"Gwaggo, dangi sun ce..."

"Dangi suna Damagaram suna cin shaddarka. Moutari, ni na wanke maka kashi, ba za ka yi min muryar Alhaji ba. Yarinya na salla, tana wanke gawar da 'ya'yanta suka gudu suka bari, ka ce mata mahaukaciya? Kai da kake shiga motar kaya ka rufe gilashi ka fito da jan ido, ka ce min sanyi ne? Kai ka samu mota, ita ta samu kaset. In ka taɓa karatunta, ka haɗa da jakata, kuma in na isa gida ni zan ba da labarin motar."

Alhaji ya tsaya, ya cire hula, ya mayar. Ya ce shi dai abin da za a faɗa wa Hassia ne ya dame shi.

"Wannan aikina ne."

Ta zauna gaban rediyo, ta gyara ɗaurin kallabi kamar suna ganinta. Ta yi gaisuwa cikakkiya, ba ta tsallake ko jariri ba. Sannan ta ce: "Hassia, na ji kin ji aljanu. Ni na je na gan su, marayu ne, ko naman kirki babu a jikinsu. Ke da kika yi birgima a ƙasa ranar da akuyarki ta mutu, har aka riƙe ki, yau ke ce mai auna wa marainiya kuka? Yarinya ba ta zuwa. In ta zo, da takardar aikinta za ta zo, ta duba miki wannan ƙafar da kike ja. Yanzu ku juya kaset, na sa muku na ukun, wanda ya fi ƙara. Wadda ta bar zani ta zo ta ɗauka."

Ta sa aka kwafa mata shi kuwa, a ɗaya gefen, daga farko har ƙarshe. Daga ranar kuma ta riƙa ɗaura wa kaset ɗinta jan zare, ba don ta yi kuskure ba, in ji ta, sai don masu ƙera shi ba su da hankali.

Raliatou ta gama a casa'in da takwas, ta samu aiki a sashen tsofaffi na wani asibiti a Lyon. Ba ta zama wata babba ba. Tana tashi da asuba, tana juya marasa lafiya, tana sayen faifai in wata ya ƙare. Duk Disamba takan kawo na shekara Montreuil, yanzu a fili, su zauna ita da Gwaggo su ji. Tsohuwa na ba kowa suna: Mai Mura, Mai Raɗa, Maraya. Wani ta ce ƙarya yake, ba abin da ya same shi, uwarsa ce ta hana shi mota. Sau da yawa Raliatou takan yi gardama, daga baya ta cire shi. Alhaji kan wuce ta falo ya yi tsaki, amma an lura ba ya saurin wucewa.

Ƙarshen casa'in da tara sanyi ya gama da gwiwoyin Gwaggo, ta ce ita ba za a binne ta cikin ƙanƙara ba, gida za ta. Raliatou ta zo daga Lyon ta raka ta filin jirgi. Wajen rabuwa yarinyar ta fara cije leɓe, tana haɗiyewa irin ta da. Gwaggo ta kama haɓarta ta ɗaga.

"Ke, sake shi. Turawan nan sun ga abin da ya fi wannan." Ta bari sai da yarinyar ta yi kuka mai isarta, mutane na waiwaye, tsohuwa na harararsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "In kin ji na tafi, ki yi min nawa kaset. Ban da Mai Mura, bai iya ba. Ki sa min Maraya. Kuma ki aika shi Damagaram, ki ce ni na ce a ƙure murya."