Wuƙar da na wanke da lemon tsami

A shekararmu ta biyu a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa, maigidana ya shigo da wata wuƙa naɗe cikin tawul. Wani alhaji ne a Kano ya sa shi nema, wai tsohuwar wuƙar mutanen tsibirin Jawa, tun ta kaka da kakanni. Ya ɗora ta saman firij kafin ranar tura kaya.

Da ya fita na zare ta. Ƙarfen baƙi ƙirin, a lanƙwashe kamar maciji, da zane irin sawun ruwa a kan yashi. Na ce wannan dattin ai abin kunya ne a kai wa mutum. Na yanka lemon tsami, na dirje ta da soson ƙarfe a cikin robar da nake wanke kofin 'yata. Na ɗauraye robar sama-sama, na wanke kofin a ciki, na dama mata kunu ta sha.

Gidan haɗaka ne, kicinmu ɗaya. Wata dattijuwa 'yar Jawa da ke ɗakin ƙarshe ta shigo, tana ganin wuƙar ta ja baya. Da guntun Larabci da nunin hannu ta fahimtar da ni cewa tsofaffin wuƙaƙe irin wannan da guba ake musu wanka, ita ke fito da zanen.

Na suri yarinyar ina buɗe bakinta, ban ma san me nake dubawa ba.

"Mama, don girman Allah, wuƙar tsohuwa ce?"

"Shuwayya, habibti," ta ce, wato in bi a hankali. "Zo taga."

Ta ƙirga lanƙwasar da farce. Ta shinshina. Ta murɗe ƙotar ta leƙa gindin ƙarfen. Ni kuwa ina tsaye, kunnena a ƙirjin 'yata. Ta ce ta asali ninka ƙarfe maƙeri yake yi, zanen har cikin jikinta yake, bakinta kuma shekaru sun ci shi. Sai ta nuna inda na dirza: fari tas, sumul kamar cokali, zanen ya bi ruwa.

"Fenti ne," ta ce. "'Yarki ma ta girme ta."

Duk da haka sai da na kai 'yata asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau.

Maigida ya dawo ya daɗe yana juya wuƙar.

"Wa ya aike ki? Kin ɓata kayan mutane."

"Da ka tura wa Alhaji fenti fa?"

Robar da kofin dai na ƙulle su a leda na kai bola da kaina.