Rediyon da Eilif Bai Buɗe Ba

Ban taɓa ganin Eilif Tveiten ya sha kofi a zaune ba. A tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago kusa da inda jirgin fito ke tsayawa. Da mutane suka koma wa talabijin, sai ya zama shi ake kawo wa tsofaffin rediyo, irin masu kwalabe a ciki, ya faɗi wanda ya ƙera su da shekarar da aka yi su. Ni maƙwabciyarsa ce, tsohuwar malamar makaranta, kuma na sha fama da shi.

Aikin kam ya iya shi. Sai a ajiye masa akwati ba suna ba lamba, ya zagaya shi sau biyu, ya shafa yadin da ya rufe lasifika, ya karanta sunayen biranen da ke jikin gilashi. Daga nan ya kwance marfin baya, ya sansana, ya duba lambobin kwalabe. Ba ya kuskure, ba ya kuma rarrashi. Wani likita ya taso tun daga Bergen da rediyon da yake alfahari da shi, wai kakansa ya sayo a Jamus. Eilif ya ce masa akwatin na Denmark ne, kayan cikin kuwa wani ne ya harhaɗa su a teburin kicin. Likitan ya tafi ko sallama babu.

Rediyo ɗaya ne a garin nan bai taɓa buɗewa ba, na mahaifinsa Ansgar, wanda ke saman kabad an ɓamɓare masa tambarin gaba. A 1941, lokacin yaƙi, Jamusawan da suka mamaye ƙasarmu suka sa aka tattara rediyon mutane a ofishin ɗan sanda, 'yan jam'iyyar da ke mara musu baya kaɗai aka bar wa nasu. Mahaifiyar Eilif har ta bar duniya tana cewa nasu a cikin ciyawar shanu aka ɓoye shi, ana satar jin labaran London. Tsofaffin gari ba su taɓa ƙaryata ta ba, ba su kuma taɓa cewa haka ne ba.

A 1995 aka shirya nunin kayan tarihi a ɗakin taron coci, na cika shekara hamsin da ƙarewar yaƙi. Kwamiti suka ce rediyon Ansgar za a sa a tsakiya, ni kuma aka ɗora wa rubuta katunan bayani. Sau uku ina zuwa wajen Eilif yana zillewa.

"Malama, wai ba ki da wani aiki ne?" in ji shi.

"Aikin ke nan. Wa ya ƙera, wane samfuri, wace shekara. Layi uku kawai, tsoho."

"Gobe."

"Goben nan taka ta fi jirgin fito latti. Ka tone wa kowa asalin kayansa, sai naka za ka tsaya kame-kame?"

Tsokana ce na yi, na kuma yi nadama. Ai na san abin da ke ƙasa. In samfurin na bayan 1941 ne, to Ansgar ɗan jam'iyya ne, labarin ciyawa kuma ya tashi a banza.

Ranar Asabar da safe ya aiko in zo. Ya sauko da akwatin, ya ɗauki sukudireba, ya ajiye, ya fita duba wasiƙu, ya dawo, ya gyara labule. Kusoshi huɗu ne kacal, amma sai da kofina ya huce kafin ya cire na ƙarshe. Ya leƙa bai daɗe ba.

"Kwalabe biyar. Ƙirar Oslo ce, ƙaramin samfurinsu na 1938."

"To ka gani," na ce, ina ajiyar zuciya. "Duk wannan kai-komon a kan me?"

Ya nuna min wata 'yar takarda da aka manna a bangon akwatin ta ciki.

"Karanta min, ban zo da tabarau ba."

Tabarau kuwa na cikin aljihun rigarsa, ina kallonsu. Na sunkuya na karanta: lamba 214, hatimin ofishin ɗan sanda, da sunan Peder Myklebust, masuncin da ke ƙasan layinsu a wancan zamani. Wato Peder ya miƙa rediyonsa kamar kowa, daga ofishin kuma aka fito da shi aka ba Ansgar. Ba a yi wa kowa irin wannan kyauta sai ɗan jam'iyya.

"Ba wanda ya gani sai ni da kai," na ce. "Ɗan ruwan ɗumi zai cire ta."

Ban ji kunyar faɗar haka ba, tausayinsa ne ya kama ni. Ya je taga, ya dawo, ya sake komawa.

"Ina ɗan shekara biyar nake zuwa gidan su Peder, in zauna a ƙasa in saurara," ya ce. "Rediyonsu yana da wani ɗan kuka da yake yi kafin kwalaben su ɗauki zafi. Ranar da Baba ya kunna shi a ɗakinmu, na ji kukan."

"Tun lokacin ka sani?"

"Shi ne rediyo na farko da na gane, Malama."

Na tambaye shi me zan rubuta a katin. Ya ce in rubuta abin da ke ciki, kada in rage komai. Sannan ya mayar da marfin, ya ɗaure kusoshin, ya naɗe akwatin cikin bargo.

"Coci ba sa buɗewa yau," na ce.

"Ba can za ni ba. Ragnhild 'yar Peder tana gidan tsofaffi. Kafin a nuna wa mutane kaya, ai sai an tambayi mai su."

Ya rungumi akwatin, ya ce in riƙe masa ƙofa.