Gilisarin Ɗin Uwargida Ya Je Kebbe

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Tambuwal, ni da aminina mai babur, muka nufi Kebbe. Salwa ce ta fitar da ni gida. Na daɗe ina kiwonsu don nama, amma bana masara ta yi tsadar da na ce in ban samo wata dabarar abinci ba, ranar kasuwa zan sayar da su kaf in rufe keji. Sai na ji labarin wani tsohon malamin gona a Kebbe, wai gilisarin yake haɗa wa nasa a abinci. Gilisarin dai? Ai ga shi nan a ɗakin uwargida! Na sunkuci kwalbarta ta shafawa na cusa a aljihu, ban ce mata uffan ba.

Damina ta yi wa hanya ado. Gero ya fid da kai, dawa kore shar, shanu na kiwo a gefen gonaki. Aminina kuwa duk ramin da ya gani sai ya faɗa ya gaishe shi, har ƙuguna ya fara neman gafara. A wani ƙauye muka tsaya muka sha fura da nono a gindin bishiya. Nan aminina ya tambayi kuɗin man fetur na kwalba, da aka faɗa masa sai da ya yi salati.

Da hantsi muka isa. Malam ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, sannan ya kai mu kejinsa. Kai, na ga salwa! Kowace ƙirji a cike, har wata yanga suke yi. Ni kuma da ɗokina na zaro kwalba na ce, "Baba, ai na zo da nawa."

Ya buɗe, ya shinshina, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Ɗana, salwar taka kaushi taka yi ne? Wanga ai na ƙafa ne, har da turare ciki!"

Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da dariya ta lafa ya ɗauko jarkarsa. Nasa daga man tsirrai ake tace shi, irin wanda ya dace da ci. Kaɗan yake zubawa ya rage masara, ya murza da hannu har ya game abincin, don shi ma ƙarfi yake ba tsuntsu. Ya ja mini kunne cewa in ya yi yawa kashinsu zai tsinke, keji ya jiƙe. Ya sa na haɗa da hannuna a gabansa, ya ɗiba mini na gwaji, ya faɗa mini inda ake samu. Kafin mu tashi aka gasa mana salwa da yaji, aminina har ƙashi bai bari ba.

Da la'asar muka dawo, raina fes. A bakin ƙofa uwargida ta tare ni: "Malam, ko ka ga gilisarin ɗina?" Na miƙa mata, na ce Kebbe ya je yawon buɗe ido. Da ta ji labarin ta yi dariya har da hawaye.

Lallai matambayi ba ya ɓata. Da na zauna gida da guntun labarin da na ji, da turare na ɗura wa tsuntsayena. Jiya aka ci kasuwa, ko salwa ɗaya ban kai ba.