Akwatin Tsingaron Malam

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana. Mu biyar ne a kansa ran nan bayan la'asar, a ɗakinsa na Kwaciri: ni, da ƙanensa Alhaji Bala, da 'yarmu Hadiza wadda take rubuta mini wannan, da limamin layinmu, sai Okafo, Ibo mai sayar da kayan famfo a Kasuwar Sabon Gari. Sunan maigida ba ya fita a bakina. Mutanen Fagge sun san shi da Malam Mai Rijiya. Kafin liman ya fara laƙƙana masa shahada, sai ya ɗaga yatsa. Na matso. Ashe ba ni yake kira ba. Okafo ya sunkuya aka raɗa masa magana a kunne, ni ina tsaye kamar baƙuwa.

Shekara arba'in na yi da mutumin nan, maganarsa da ni ba ta wuce "an kawo ruwa?" da "Allah Ya yi albarka." Amma duk Asabar Okafo zai zo zaure, su zauna tun azahar har a kira magariba, ina jiyo dariyar Malam ta bayan labule. Dariyar da ban san yana da ita ba.

Okafo ɗan cocin da ake kira Momon ne. Littafinsu ya ce wasu mutane sun taso daga Ƙudus, suka haye teku zuwa Amurka, suka gina birane, suka yi yaƙi da takubba. Burinsa a duniya a tono shaidar hakan a ƙasa. Sai ya zo da hotunan kufai da na duwatsu, saboda Malam ya fi kowa sanin cikin ƙasa. Duk rijiyar da ya haƙa, in ya ci karo da tsingaro, ko toka, ko kashin maƙera, sai ya adana a akwatin ƙarfe. Yakan ce duk inda mutum ya zauna, sai ya bar fasasshiyar tukunya.

Na taɓa jin su. Okafo ya ce, "Malam, duba dutsen nan na ƙasar Larabawa, akwai sunan wurin da ke cikin littafinmu!" Malam ya ce, "Oga, dutse ɗaya ba ya yin murhu. Ina takubban? Ina tokar girkin matansu?" Okafo ya ce, "Ba a gama haƙa ba tukuna." Malam ya ce, "To, a kira ni, da digata zan zo." Suka fashe da dariya. Malam bai taɓa gaskata littafin ba, Okafo bai taɓa saki ba, kuma ba su taɓa ɓatawa ba. Ni ce nake ɓata rai ina dama musu fura.

Ni ma ina da tawa shaidar. Lokacin da muka tare a Kwaciri, randar da uwata ta gina mini da hannunta ta faɗo daga kurar ɗaukar kaya ta tarwatse. Na zauna a ƙasa ina kuka. Abin da Malam ya ce kawai: "Randa ce, a sayi wata." Na ƙulla wannan magana a zani, ban kwance ba.

Da na fita takaba, Okafo ya zo ya yi sallama. Na san akwatin yake so. Daga bayan labule na ce, "Ka ci hirarsa yana raye, ba za ka ci akwatinsa ba." Ya ce, "Hajiya, saƙo ne da ni." Na ce ya riƙe abinsa. Duk shekara yakan zo, duk shekara haka.

Yanzu ba a kiran masu diga. Mota ce take zuwa da injin burtsatse, ta huda ƙasa a yini ɗaya, ta niƙe duk abin da ta tarar. Hadiza takan nuna mini a waya masu gardama kan littafin su Okafo, wannan ya ce an gano, wancan ya ce ba a gano komai ba, babu wanda ƙasa ta taɓa farcensa. Da Malam yana nan, na san zai ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ita ma gaskiya sai an sauka da ƙafa.

Makon jiya Okafo ya sake zuwa, da sanda, idonsa ya yi hazo. Bai jira izinina ba. Ya ce, "Hajiya, na tsufa, ba zan mutu da amana ba. Cewa Malam ya yi akwatin nawa ne, amma ke za ki fara buɗewa da hannunki. Ni na ƙare rayuwata ina neman tsingaro ɗaya wanda zai gamsar da mijinki, ban samu ba. Ke naki yana ƙarƙashin gado."

Bayan ya tafi na jawo akwatin. A can ƙasa, a naɗe cikin tsohuwar hular Malam, sai ga bakin randata, da shatin babban yatsan uwata guda uku.

Za ku ce sai zuciya ta yi sanyi. Ta yi, ba na musu. Abin da ya rage mini na Malam shi ne mutum ne wanda ba ya faɗa, sai dai ya adana. Amma Okafo ya san da tsingaron nan tun ban sani ba, kuma wannan har gobe yana ci mini rai.

Washegari da hantsi na hau adaidaita zuwa Sabon Gari, na dire masa akwatin a bakin shago. Ya shafa ciki ya ce, "Saura ɗaya." Na ce, "Wannan ba na littafinku ba ne."